Rigar da Inna ta ɗinka wa kwamfutata

Sau huɗu kwamfutar nan tana mutuwa jiya da safe, ga tambayoyin jarrabawar ɗalibaina da zan buga in kai Tarauni kafin azahar. In na kunna, minti goma sai ta ɗauke ɗif.

Har na yafa mayafi zan kai ta wajen mai gyara a Gyaɗi-Gyaɗi. Ina sunkuyawa ƙarƙashin tebur, sai ga akwatin kwamfutar sanye da rigar atamfa, har da leshi a baki! Na taɓa, zafi kamar murfin tukunya.

Na ƙwala wa mahaifiyata kira: "Inna, aikin wa ne wannan?"

Ta ce, "Nawa mana. Talabijin na da tata, keken ɗinki na da tasa, ita za a bari tsirara?"

Na ce, "Inna, ta bayan nan take shan iska, kin toshe mata fanka!"

Ta ce, "To ai ba ki ce tana da hanci ba."

Na tuɓe rigar, na kunna. Wallahi har na gama ko tari ba ta yi ba.

Rigar yanzu tana jikin kular tuwo, inda ake son zafin. Ku a gidanku, me aka taɓa ɗinka wa riga?