Shuɗin Durom Ɗin Baba

Ranar Litinin ce, sati biyu da komawarmu makaranta bayan Babbar Sallah, ina aji shida a firamarenmu ta Panshekara. Muna kan layi da safe aka ce kowa ya miƙo hannu a duba farce. Ni kuwa da zafin nan na saka riga mai dogon hannu a cikin yunifom, ina ta addu'a a tsallake ni. Hedimasta da kansa ya tsaya a kaina, ya sa bakin bulalarsa ya ɗage hannun rigar. Wallahi har yau ina ganin yadda layin nan ya dare biyu. Tun daga yatsuna har kusa da hammata ƙuraje ne, wasu sun fashe suna tsattsafo da ruwa, rigar ta manne a jiki. Wani a bayana ya ce, "Ƙazuwa!" sai dariya ta tashi. Hedimasta bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Cewa ya yi, "Nafi'u, tafi gida. Kada ka dawo sai da takardar likita cewa ba za ka shafa wa 'ya'yan mutane ba." Saura sati biyar jarrabawar shiga sakandare, kuma kowa ya sani, wanda ba ya aji ranar da za a tura sunaye, shekara ta wuce shi.

Bari in ba ku hoton gidanmu, don a nan maganar take. Gidan haya ne, ɗaki shida, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya da kullum ake faɗa a kanta. Babana ma'aikaci ne a wani kamfanin jima a Challawa. Tun kafin ya yi sallama warin fata ke shigo mana da shi. Wata rana ya dawo a adaidaita da wani ƙaton shuɗin durom na roba, wanda aka juye sinadarin aiki daga cikinsa, mai kula da sito ya bar masa. Kai, ranar Umma kamar an ba ta kujerar Makka! Ta wanke shi da omo sau uku, ta ce ba na sha ba ne, na wanki ne kawai. Cika shi ya zama aikina. In na taso makaranta sai in tura baro da jarkoki zuwa tuƙa-tuƙar bayan masallaci, in yi sawu huɗu, sannan a bar ni in je langa ko ƙwallo. Umma da safe take wanki, durom na cike, ta sa kwano ta ɗebo daga sama. Ni sai yamma nake wanke yunifom ɗina, ruwa ya koma gindi, sai in ɗage ƙafa, in kifa ƙirji a baki, in zura hannaye biyu har ƙasa in kwarfo.

Da aka koro ni, kowa a gidan ya zama likita. Aka yi sabulun salo, aka yi wankan darbejiya, aka shafa man kaɗanya. Mai kemis ɗin layinmu ya leƙo ta kan kanta, ko taɓa ni bai yi ba, ya haɗa mayuka uku a roba ɗaya. Kwana biyu ciwon ya lafa, ya dawo ya fi da. Sai wani abokin Baba, bakanike a Sharada, ya rantse cewa man birki ba ya barin makero ya kwana. Don Allah, duk wanda ke karanta wannan, kada ka taɓa bari a shafa wa ɗanka man birki. Ihun da na yi sai da maƙwabta suka fito ba takalmi. Fatar ta saluɓe, ta fara ruwa rawaya, zazzaɓi ya rufe ni. Ga abin haushi kuma: da na ɗan ji sauƙi Umma ta ce, "Tunda kana gida, rage min wankin ƙannenka." Sati biyu suka tafi a haka. Ina jin ƙararrawar makaranta daga tsakar gida, ina susa, ina ƙirga kwanaki a bango da gawayi.

Maman Bitrus ce ta cece ni, maƙwabciyarmu 'yar Filato mai aikin shara a wani babban asibiti a cikin gari. Ta kalli hannuna ta riƙe baki, ta ce wa Baba, "Malam Sani, ku daina wasa da yaron nan. Fata tana da likitanta daban." Baba bai taɓa jin haka ba, ni ma haka. Ta ce sai mun karɓo takardar turawa daga ƙaramin asibiti, kuma ranar Laraba kawai likitar ke zama. Larabar farko mun isa da hantsi, an gama raba kati, muka juyo. Laraba ta biyu daga sallar asuba muka kama hanya, aka ba mu lamba ta goma sha tara, ga shi jibi Juma'a za a tura sunaye.

Sai bayan azahar aka kira mu. Likitar ba ta ja baya kamar yadda kowa ke yi ba. Ta sa safar hannu, ta juya hannuna a gaban taga, ta duba tsakanin yatsu, ta tambayi ko ƙannena da muke kwana tabarma ɗaya suna susa. Baba ya ce a'a. Sai ta bi da yatsa inda ƙurajen suka tsaya cak a dantsena, daidai wuri ɗaya hagu da dama, ga wani layi kuma ya ratsa ƙirjina. Ta ce, "Cuta ba ta ja layi haka. A cikin me kake tsoma hannu har nan?" Na ɗauka laifi na yi. Na ce durom ne. Ta juya ga Baba ta ce, "Malam, a ina kuke aiki? Mu ga naku hannun." Baba ya daɗe kafin ya zaro su daga aljihun riga. Duk sun tsattsage, sun yi kaushi kamar bayan bishiya. Ya ce a hankali, "Ai wannan na aiki ne, likita, kowa a wurinmu haka yake." Ta ce roba tana riƙe sinadari ko an wanke, kuma ga dukkan alamu shi ke cin fatata, susa da man birki suka buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Ta rubuta magani na sha da na shafawa, mu biyu. Ni dai biro nake kallo. Da ta jawo wata takardar ta rubuta cewa asalin ciwon ba mai yaɗuwa ba ne, in rufe gyambon da bandeji in koma aji, ta buga hatimi, sai na karɓa da hannu biyu.

Da muka dawo, Baba ko ruwa bai sha ba. Ya tuntsurar da durom ɗin, ya sa ƙarfe a wuta, ya huda gindinsa wuri bakwai. Wata maƙwabciya ta ce, "Haba Malam, ai da kun ba ni!" Ya ce, "Shi ya sa na huda." Ranar Alhamis na miƙa wa Hedimasta takarda da hannu naɗe da bandeji. Ya karanta sau biyu, ya ce, "Wuce aji."

Tun daga nan fata ta shiga raina. Ban yi karatun likita ba, gyaran waya nake yi, amma duk abin da na samu a kan ƙuraje sai na karanta, kuma in na ga shuɗin durom a gidan mutum sai na tambayi daga ina ya fito, ko za a ce na cika shisshigi. Yanzu a waya ma ana iya gano ranar da likitan fata ke zama, ba sai an yi asarar Laraba ba. Hannuna ya warke, sai ɗan tabo a gwiwar hannu. Na Baba bai taɓa warkewa ba, don washegari ya koma bakin aikinsa, ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare. In na je gaishe shi yanzu, har yau a aljihu yake ɓoye su, ni kuma sai na zaro su na riƙe.