Taken da Yayana Ya Kai Turai

Har yau ban san sunan da zan kira sana'ar yayana ba. In na ce makaɗi ne, sai a tambaye ni wa yake yi wa kiɗan. Jita yake kaɗawa. Ya fara a otal-otal na Kano, ya gangara Ikko, daga can muka ji wai ya haye Turai yana wani kiɗa da ake kira jaz, yana gauraya shi da na Larabawa da na mutanen Mali da namu na gida. Ya sha kunna mini a waya. Sai na kama bakin zaren, na fara gyaɗa kai, sai kiɗan ya saki hanya ya shiga daji kamar akuyar da ta tsinke igiya. In na yi ƙorafi ya ce ai daɗin ke nan.

Gidanmu manoma ne. Lokacin da ruwan Tiga ya ci tsohon garinmu aka dawo da iyayenmu ƙasar Bebeji, yayana yana ɗan yaro, ni ko haifata ba a yi ba. Abin da ya riƙe daga can ɗaya ne: wani kiɗan gangar noma da yake ji ranar gayya, yana zaune a gindin ɗorawa. Kowane gwanin noma yana da takensa, in aka kaɗa sai tsuma ta kama shi ya miƙe. Yayana ya ce wannan taken babanmu ne. A kansa ya gina waƙar da aka fi saninsa da ita, duk garin da ya je sai ya gaya wa Turawa haka kafin ya taɓa tsirkiya.

Baba kuwa bai taɓa jin kiɗansa ba. Bai hana shi ba, bai kuma taɓa tambaya ba, wannan shirun ne yake cin yayana. Da bikin 'yata ya tashi yayana ya zo gida da furfurarsa, ya ce sau ɗaya dai yake so Baba ya ji takensa daga hannun ɗansa.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawan da aka taso tare daga tsohon gari suna jere, mu mata muna leƙe ta zaure. Ya jona jitar da lasifika ya fara. A wannan karon bai shiga daji ba, ya kaɗa shi tiryan-tiryan, har ni na gane.

Sai wani tsoho ya miƙe. Ba Baba ba. Maƙwabcinmu ne da muke kira Baffa, wanda tun suna samari shi da Baba suke gasar noma, har yau kuma ba sa rabuwa da tsiya. Ya jefar da sanda, ya ɗaga hannu sama, jikinsa yana rawa, hawaye na bin gemunsa. Baba yana zaune yana kallon yatsun ƙafarsa.

Na rasa abin da nake gani. Yayana ma ya rikice, ya saki taken ya faɗa cikin jaz ɗin nan nasa, aka bar Baffa a tsaye da hannu a sama, bai san ko ya zauna ba. Wasu suka yi dariya. Ni kunya ce ta rufe ni, amma ban san ta wa nake ji ba.

Washegari da hantsi yayana ya durƙusa gaban Baba, ina gefe ina dama fura.

"Baba, ashe ba naku ba ne?"

"Nasa ne," in ji Baba. "Shi aka fi kaɗa wa, don ya fi ni saurin kai ƙarshen kunya a gona. Shi ya sa ya zauna maka a kunne."

"To ku rera mini naku in ɗauka."

Baba ya buɗe baki, ya ɗan yi gunaguni, ya tsaya. Ya sake gwadawa yana buga gwiwa da yatsa. Can ya ce, "Ai ni ban taɓa kaɗa shi ba, ji nake yi in tashi. Mai gangar ya rasu tun kafin mu taso daga tsohon gari. Kai dai kaɗa, in na ji zan gane."

Yayana ya ɗage tafiyarsa. Kullum da safe yana zaune a zaure yana lalube, ya tambayi wannan tsoho ya tambayi wancan, har Dangora ya je wurin wani jikan makaɗa. Kowa da abin da yake rera masa, babu biyu da suka zo ɗaya. Baba yana saurara yana girgiza kai, har tausayinsu su biyun ya ishe ni.

Ana gobe zai koma, ya kaɗa wani abu gajere da ban san inda ya samo shi ba. Baba ya ce, "Shi ne. Allah ya yi maka albarka."

Yayana ya kifa kai a kan jitar yana kuka. Ni kuwa Baba nake kallo. Ƙafarsa lafiya lau a lokacin, kullum da ita yake zuwa gona, amma bai miƙe ba.