Irin Gerona a Rumbun Gwamnati

Wahala muka sha a shekarun nan, ba wani abu ba. Masu cewa da Bature ya tafi sai daɗi ya zo, ba su yi noma a ƙauyenmu na gefen Kore Mairuwa ba.

Tun zamanin Bature akwai rumbun tsimi. Kowane magidanci, in an yi girbi, dole ya kai dammunan hatsi wani babban rumbu a bayan gidan maigari, a liƙe bakinsa da laka, gardi, wato dogarin gwamnati, ya danna hatimi. Ba mai buɗewa sai kumandan, mai mulkin yankin, ya yi izini daga Dogon Dutsi. Wai don kada mu cinye, mu rasa iri. Mun zaci abin zai bi Bature ya tafi. Sai ga gardi ya dawo, baƙi ɗan'uwanmu, ya ce yanzu gwamnatin tamu ce, rumbun ma namu ne.

Ni na yarda. Na zaɓo zangarniyar da ta fi kyau, irin da ubana ya bar mini, mai tsawo kamar hannu, wadda kullum nake ratayewa can cikin rumbuna, na ɗaure na kai. Gardi ya ɗaga damen sama ya nuna wa jama'a, ya ce a yi koyi da ni. Na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye ba.

Taubashina, ɗan gwaggona, shi ma ya kai nasa. Daga waje zangarniya mai kyau, ciki kuwa shibra ce zalla, geron banzan nan da ke fitowa da kansa. Irinsa na gaske ya kai wa wani Bafillace abokinsa ajiya a ruga. Da yake tsakaninmu wasa ne, sai ya raɗa mini, yana dariya:

"Bawana, kai ka ba su iri? Mutumen da bai taɓa riƙa sungumi ba shi za ya hwaɗa maka ranar shibka?"

Na ce masa ɓarawo. Ya ce abin da ya sata nasa ne.

Da bazara ta yi nisa ya ɗauko irinsa ya yi binne a busasshiyar ƙasa, yana jiran sama. Sai ruwa ya sauko da wuri, ruwa mai yawa, ƙasa ta jiƙu har gwiwar hannu. Muka taru ƙofar maigari. Ya ce shi ba ya fasa hatimi, yana da iyali. Aka aika mutum Dogon Dutsi, aka ce kumandan ya fita rangadi, mataimakinsa kuma ba shi da iko. Muna zaune, rana tana shanye laimar, irina yana bayan laka taku kaɗan daga inda nake.

Gonata da ta taubashin nan iyaka ɗaya. Na je na tsaya. Tasa ta yi tsiri, layi-layi, kore shar. Tawa jan rairayi, sai sawun ƙadangare. Wallahi ban taɓa jin zafin wani mahaluki kamar yadda na ji nasa ba. Bai fi ni ƙarfi ba, bai fi ni sanin noma ba. Abu ɗaya ya fi ni: ya riƙe abinsa a hannunsa. Har na yi fatan fara ta sauka a gonarsa ita kaɗai.

Ya hango ni ya taso, yana kaɗe ƙafa.

"Mi ka shibka, bawana? Hatimi? Ya hito?"

Na juya zan tafi, sai ya ƙara da cewa:

"Akwai sauran iri cikin tulu. Taho da ƙwarya gobe. Amma sai ka durƙusa gaban mata ka ce ni ne ubangijinka."

Na san inda gardi yake kwana. Kalma ɗaya ta isa a zazzage damensa a ga shibra, a tafi da shi a ɗaure. Na juya maganar a raina har magariba. Matata ta aje mini tuwo ta ce, "Malam, in an kama shi, gonarka za ta tsira?" 

Har yau ban ga laifin tsimi ba. Kakanninmu suna yi tun ba a san gwamnati ba, kuma wanda ya cinye irinsa shi ke jin kunyarsa. Gwamnati ta tsare mu daga ɓarayin shanu, ta raba faɗan manomi da makiyayi, mun gode. Amma ruwa ba ya jiran kumandan. Wanda zai kwana da yunwa in shuka ta ɓaci, shi ya kamata ya riƙe iri, ko da wawa ne. In na yi kuskure da abina, ni na yi. Wannan kuwa wani ya yi mini shi yana zaune a inuwa, kuma ba a rage masa ko loma ba.

Da gari ya waye na saɓa sungumi, na ɗauki ƙwarya mafi girma a gidan, na bi ta ƙofar maigari, na gaida gardi yana shan fura, na wuce gidan taubashina. Matan suna daka. Ya riga ya sa an shimfiɗa mini tabarma a tsakiyarsu.