Jan Biro da Insha'in Tasha

Shekara goma sha ɗaya muna raba tebur ɗaya da shi a ɗakin malamai, ni da lissafina ta gefen taga, shi da insha'insa ta gefen ƙofa. Rabon ma na kura da akuya ne, don takardunsa sun cinye teburin, ni sai in lallaɓa a ɗan abin da ya rage. Yara ne suka laƙaba masa Jan Biro, mu ma muka bi sahu, har matarsa in ta aiko da saƙo cewa take a kai wa Jan Biro. Ni dai Yaya nake ce masa, don ya ba ni shekara tara.

Nawa aikin ba wuya. Amsa ko daidai ce ko kuskure, cikin awa biyu na gama duba jarrabawa na kama gabana. Shi kuwa azuzuwa huɗu ne a wuyansa, duk 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, yara ɗari biyu da goma sha huɗu, kowa da shafinsa biyu. Ba shi da mota, gidan haya yake, ƙarin girma ya tsallake shi sau uku. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi: shekara ashirin da shida yana koyarwa, bai taɓa sa maki a takardar da bai karanta daga farko har ƙarshe ba. Duk abin da ya tara a duniya ke nan.

Abin tausayin shi ne, abin da yake ta karantawar nasa ne. Tun yana sabon malami ya ga yara suna zubewa duk sanda aka ce su rubuta insha'i a kan ranar da ba za su manta ba, sai ya rubuta musu misali a allo. Labarinsa ne na gaskiya. Yana ɗan shekara bakwai ya ɓace a tashar mota, ya tsaya gindin fitila yana kuka, can sai ga mahaifinsa ya ɓullo ta bayan wata babbar mota ya ɗaga shi sama. Shi misali ya bayar, yara kuwa suka mai da shi gado, yayye suna bar wa ƙanne. Yanzu duk shekara yara ɗari biyu ke ɓacewa a tasha ɗaya, gindin fitila ɗaya. Har 'yar mai kantin magani, wadda ba ta taɓa taka tasha ba, ita ma ta ɓace.

Ya hana, ya yi faɗa, ya rage maki, duk a banza. Tambayar kuma ba shi ke fitar da ita ba, daga sama take zuwa, kuma ba sa gajiya da maimaita ta.

Na sha tsokanarsa. "Yaya, wai me kake nema a ciki? Ko kana jiran ranar da tsohon zai ɓullo ta gaban motar?"

Sai ya gyara tabaransa, wanda aka ɗaure ƙafarsa da zare, ya ce, "Ko hadda ce, hannun yaro ne ya rubuta. Haƙƙinsa ne a duba."

Zangon da nake ba ku labari ya zo masa a karkace. Matarsa ta zame a bakin famfo ta karye a ƙafa, shi ke ɗora tukunya, shi ke shirya autarsu ya kai ta makaranta kafin ya iso tamu. Jarrabawa ta makara, shugaban makaranta ya ce kwana uku ya ba kowa, Alhamis ƙarfe biyu yana son maki a teburinsa. Fankar ɗakin malamai ta mutu tun bara. Na ga Jan Biro yana karanta layi ɗaya sau biyu, yana dafa ƙugu, yana matse ido kamar mai sa zare a allura. Ran Alhamis da hantsi saura masa takarda casa'in.

A nan ne na sa baki, kuma har gobe ina jin kunyar abin.

"Yaya, kashe kanka za ka yi? Duba kai, duba wutsiya. In ka ga tasha a sama, ka ga 'ba zan taɓa mantawa ba' a ƙasa, ba da sha uku cikin ashirin. Ka ɗan rubuta Madalla a tsakiya don a ga biro ya bi ta wajen. Kowa haka yake yi."

"Ni ba kowa ba ne," in ji shi.

Ya karanta uku, ya dubi agogo, ya dubi tulin da ya rage. Can sai na ji ƙarar takardun ta sauya, sun fara tafiya da sauri. Kafin ƙarfe ɗaya ya gama. Bai ɗago ya dube ni ba.

Na ce bari in taya shi kwafe makin, ni ina kira yana rubutawa. Muna cikin haka wata takarda ta zame ƙasa a buɗe, na ɗauko, idona ya faɗa tsakiyarta. Ta wata yarinya ce mai zama a layin baya, 'yar wani direba, wadda 'yan ajin ke kira Shiru-shiru. Ta fara kamar kowa, da tasha da fitila. Daga layi na shida ta bar hanya. Ta rubuta cewa ita ba ɓacewa ta yi ba, tarar babanta ta je, ranar da ya ce zai dawo daga tafiya. Babbar mota ta wuce, ta leƙa bayanta, ba kowa. Wata ta wuce, ba kowa. Can sai ga abokin aikinsa riƙe da jakar baban, ya durƙusa a gabanta. "Baba bai zo ba," haka ta rubuta, "kuma ba zai zo ba." Sannan ta rufe da jimlar da kowa ke rufewa da ita.

Daidai gefen wannan layin, da jan biro, ga Madalla raɗau, har da alamar motsin rai.

Na so in tura ta ƙarƙashin sauran, amma ya riga ya ga fuskata. Ya karɓa ya karanta a tsaye, sau biyu. Ya cire tabarau ya ajiye, ya ce a kira masa ita.

Ta shigo tana murza bakin rigarta, ta tsaya nesa da teburin.

"Zauna, 'yata," ya ce. "Yaushe abin ya faru?"

"Wata biyar ke nan, Malam."

"Allah ya jiƙansa. Wannan kalma da kika ga na sa a nan, ban karanta ba na rubuta ta. Ban kyauta ba. Ki yafe mini."

Ta dubi takardar, ta dube shi. Ba fushi a fuskarta, sai ɗan mamaki.

"Ba komai, Malam. Ai dama Yayata ta gaya mini ba a karantawa, sama da ƙasa kawai ake dubawa. Shi ya sa na rubuta. A gida in na tayar da maganar, Mama kuka take yi. Da na san za a karanta, da na rubuta irin na kowa."

"Yayarki ta yi ajina?"

"Eh, shekara huɗu da suka wuce."

Raina ya ɓaci. Na buɗe baki zan gaya mata cewa a waccan shekarar ina zaune a wannan kujerar, na ga mutumin nan ya bi takardar yayarta da ta kowa layi-layi har bayansa ya ƙage, kuma yau ɗin ma ni na zuga shi. Ya ɗaga mini hannu.

"Ƙyale ta," ya ce a gajiye. "A kan takardarta dai, gaskiya yayarta ta faɗa."