Ciwon Masu Tunani a Cikin Baffa Buba

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara. Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka sa ni in tambayi majiyyaci ko yana da damuwa ba.

A shekarun alif ɗari tara da hamsin ne, ina diresa a wani ɗan asibiti a Nguru. Diresa shi ne mai wanke gyambo da yin allura, kuma shi ne tafinta. Likitanmu Bature ne, muna ce masa Mai Lofe, don lofen tabarsa ba ya barin bakinsa. Dokarsa ɗaya ce: duk baƙin mutum mai gudawa da jini, atuni ke damunsa. A duba bayan gidansa a madubin likita, in an ga ƙwayar cuta a yi masa allurar emetin. In ba a gani ba, to mai dubawa ne ba ya gani, a yi allurar dai.

Da damina aka kawo Baffa Buba bisa takarkari, makiyayi daga wajen Dapchi. Shekaru yana fama: jini da majina, murɗar ciki, ya lafa ya dawo. Muka duba, babu komai. Aka yi masa zagayen allura, bai ji sauƙi ba. Aka sake. Emetin kuwa ba abin wasa ba ce, zuciya take kamawa. Baffa ya kai in ya tashi zaune sai haki, bugun hannunsa na tsalle. Mai Lofe ya ce a huta masa kaɗan a shiga zagaye na uku. Wallahi tsoro ya kama ni, don ni ke riƙe da sirinjin.

Allah ya kawo wani matashin likita daga Kano a jirgin ƙasa, yana rangadi. Ya sa bututu mai fitila ya leƙa hanjin Baffa, ya ce ba atuni ba ne, kumburin hanji ne mai sa gyambo, ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba.

Mai Lofe ya yi dariya har lofen ya kusa faɗuwa. Ya ce wannan ciwon mutanen Ingila ne, masu zaman ofis da yawan tunani. Mutumin daji mai bin saniya, wane tunani gare shi? Haka ilminsu ya ce a lokacin. Ashe mu Allah ya hutar da mu, ko ciwon masu hankali ba mu isa mu yi ba.

Likitocin biyu suka yi ta musu a bakin gadon Baffa. Daga ƙarshe Mai Lofe ya juyo gare ni.

"Diresa, tambaye shi, akwai abin da ke damunsa?"

Na tsuguna. "Baffa, Likita na tambaya, kana da wata damuwa a ranka?"

Mutumin da annoba ta cinye masa rabin garke bara, ya bar sauran a hannun ƙaninsa da bai yarda da shi ba. Ya dube ni ya ce:

"Malam, ka ce masa alhamdu lillahi. Sai dai allurar nan taku. Tun da safe in na ji takunka, cikina ke kaɗawa."

Na fassara tsaf, ban rage ba. Mai Lofe ya gyaɗa kai da murna, ya ce, "To ga shi! Yana da damuwa." Sai a sannan ya yarda da maganar likitan Kano. Bututun bai gamsar da shi ba, tsoron allurarsa ne ya ɗaga darajar Baffa zuwa ta mai tunani.

Aka dakatar da emetin, shi ne abin kirkin da ya fito daga wannan musu. Maganin ciwon na gaskiya kuwa yana can ƙasarsu, wurin waɗanda suka cancanta. Mu aka ce mu ba shi ƙwayar salfa da maganin ƙarin jini, ya kwanta ya huta, ya bar shan nono, ya kuma daina damuwa. Bafillatani, a raba shi da nono, sannan ya kwantar da hankali!

Da na gaya masa, ya ce, "Malam, ku da kuka yi karatu, haka ake yi?"

Kunya ta kama ni.

Ya samu ƙarfin hawa takarkarinsa ya tafi da ransa, har ya aiko min da man shanu bayan kaka. Likitan Kano ya koma yana ta ɗoki, wai ya gano mai wannan ciwo na farko a ƙasar nan.

Bayan an mai da ni Gashua na ga wasu irinsa: wata Babadiya mai sayar da kifi, da wani manomi daga Katuzu. Kowanne sai ya sha allura har ya kusa sheƙawa kafin a leƙa hanjinsa, kowanne kuma sai a ce shi ne na farko. Abin da aikin nan ya koya min ke nan: in aka ce muku ciwo kaza babu shi a ƙasarku, ku fara tambaya wa ya taɓa dubawa. Waɗanda ba a duba ba, mu muka yi musu allurar, danginsu suka ɗauke su a makara.