Matar da ta ƙi benci

A tashar Magarya, Saliha mai ƙosai ta kasa ɗauke ido daga wata mata da ta sauko daga motar Kano. Siririya ce, wuya kamar sillen kara, amma ƙugunta ya cika zane har yana neman yagewa. Saliha ba ta taɓa ganin ƙiba ta tsallake ko'ina ta taru wuri ɗaya ba.

Ta tura mata benci. "Baiwar Allah, zauna mana."

"Na gode, Inna, na gaji da zama."

Gumi kuwa yana tsiyaya a goshinta. Wani dattijo ɗan garin su matar ya gane ta. Ta fara durƙusawa don ta gaishe shi, sai ta cije leɓe, ta miƙe, ta yi gaisuwar a tsaye. Dattijon ya kau da kai, ransa a ɓace.

Allurar ƙara ƙugu ce, Saliha ta raya a ranta, irin wadda ake yi a bayan shago babu lokotoro, wato likita. Matar tana ta duban hanyar Yekuwa, tana latsa waya. Ko don wa aka yi, bai zo tarbarta ba.