Madubin Malam Bunyaminu Ba Ya Duba

Kullum da la'asar Malam Bunyaminu yakan tattara tabaran da yake gyarawa a kasuwar Bagudo, ya koma gida, ya jawo na'urorinsa biyu na hangen sama zuwa bayan gari kafin magariba. Ni da babur nake ɗibar kaya zuwa kan iyakar Benin, ta nan nake wucewa, kuma na daɗe ina ƙara gudu idan na hango shi.

Ta farko doguwa ce siririya, gilashi a bakinta, ana leƙawa ta gindi. Rufe take ruf, ba ta son gyara, tana fito da jinjirin wata tas, sai ɗan shuɗi a gefensa. Kowa na leƙa wannan. Ta biyun ce ake tsoro. Faɗinta kamar turmi, bakinta buɗe, madubi kwance a can ƙasa, ana leƙawa ta gefe. Malam ya ce ta fi tara haske, tana nuna taurarin da doguwar ba ta kai gare su, sai dai ko gargada ta taɓa ta sai an sake daidaita madubin. Mu kuwa an rene mu a kan ba a kallon madubi idan rana ta faɗi. Sai aka fara cewa Malam duba yake yi.

Wannan zance ya kawo Inna Dela daga Zagga. Ɗanta Maliki, matuƙin kwalekwale, ya ƙetara Benin tun damina, shiru. Ta iso Malam yana alwala, ba ta jira shi ba, ta sunkuya a bakin turmin. Waɗanda ke wurin sun ce ba ta yi ihu ba. Ta ɗago ne a hankali, ta ce ta gan shi cikin ruwa, kai ƙasa, idanu buɗe, yana kallon ta. Kafin gari ya waye labari ya kai Zagga, an shimfiɗa tabarmin gaisuwa, an ce Raliya, matar Maliki, ta shiga takaba.

Malam ya ɗaure turmin a bayan babur ɗina, muka same su a Zagga da hantsi. Ya aje shi a tsakar zaure, ya roƙi Inna ta sake leƙawa. Fuskar na nan, a juye.

"Yaya Dela, taɓa kuncinki."

Ta taɓa. Wancan na cikin madubin ma ya taɓa.

"To ina yaron nan nau yake, Malam?"

"Ban sani ba. Madubin ga ma bai sani ba."

Masu gaisuwa suka leƙa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga kansa rataye. Aka naɗe tabarmi.

Kai ne, Malam, wanda aka miƙa wa sunan mai gani har hanji ka ƙi karɓa. Kai ne tun ranar kake bin kasuwannin ƙetare da hoton Maliki jingine da akwatin tabarau, kana tambayar duk wanda ya zo gyara.

Mun gode. Masu faɗa wa uwaye abin da ba su gani ba, su zo su koya. Har yau ba a ga Maliki ba, amma a Zagga babu mai ce masa marigayi.